Ku Tambayi Anti: Tagwayen Benen Petronas, Shiga Ake Ko Hoto Kawai Ake Ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ƙanwata ce ta gama digiri na biyu a Maleshiya, ni zan raka Hajiyarmu wajen bikin in sha Allah, kuma bayan an gama muna da kwana ɗaya a Kuala Lumpur kafin jirginmu ya tashi. Ita ƙanwar tawa ta nace sai mun je tagwayen benen nan na Petronas, ni kuma naji ance ofisoshin kamfanin mai ne kawai, toh meye na wahalar da tsohuwa mai ciwon gwiwa don kallon ofis? Ga maganar sallah, ga abinci, don Hajiya bata cin abinda bata san asalinsa ba. Dan Allah ki bani shawara.
Daga ɗan uwanki a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya albarka a karatun ƙanwarmu, a gaida min Hajiya da kyau.

Ku je, kuma ku tafi da Hajiya. Amma ba irin zuwan da mutanenmu suka saba ba, a sauka daga mota a tsaya bakin titi cikin rana ana gumi a ɗau hoto biyu uku a juya, wannan kam wahala ce zalla kuma da ita gara ku zauna a masauki. Wurin nan shiga ake yi a wuni.

Wanda ya ce maka ofisoshi ne bai yi ƙarya ba. Bene na ɗaya kamfanin man ƙasar ne wato Petronas yake ciki, na biyun kuma wasu kamfanoni ke haya, baƙo baya shiga can. Sai dai a gindinsu akwai katafaren rukunin shaguna hawa shida da ake kira Suria KLCC, akwai wuraren cin abinci, akwai wurin sallah, akwai ɗakin kimiyya na yara mai suna Petrosains, bayan ginin kuma lambu ne kusan eka 50 da tafki a bakinsa. Su kansu benayen hawa 88 ne kowanne, tsayinsu ya kusa mita 452, daga 1998 zuwa 2004 babu ginin da ya kaisu tsawo a duk duniya sai da Taipei 101 na Taiwan ya zo, kuma har yau a tagwayen gini babu kamarsu.

Abinda nake so ka nuna wa Hajiya da kanka shine wannan. Ka tuna mata tauraruwar nan mai tsini takwas da ake sawa cikin Alƙur'ani a farkon kowane rubu'in izu, wadda take kamar murabba'i biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya an karkata shi. Toh a kan wannan siffar aka yanka kowane hawa na benayen. Wanda ya zana ginin, Cesar Pelli, mutumin Ajantina ne mazaunin Amurka, amma Firayim Ministan lokacin Mahathir Mohamad ya so gini ne da in an kalla za a san na ƙasar Musulmi ne, sai aka ɗauko tauraruwar aka cike tsakanin tsinayen da ƴan lanƙwasa don ofisoshi su ƙara faɗi. In kuka tsaya a gindin benen kuka ɗaga kai zaku gani ƙarara, tsini, lanƙwasa, tsini, lanƙwasa, yana ta tsukewa har sama kamar hasumiya. Ranar da na kai mahaifiyata lokacin ina karatu a can, da farko ko ɗaga kai bata yi ba, ita dai ƙafarta ke damunta, sai da na faɗa mata wannan sannan ta dafa kafaɗata ta daɗe tana kallo tana ƙirga tsinayen da yatsa, ta ce ikon Allah, ashe ɗan makarantar allo ma zai gane ginin nan.

Yanzu ga yadda zaku tsara wunin. Tun kafin ku bar Najeriya ko kuna sauka ka sa ƙanwarka ta saya muku tikitin hawa ta intanet a shafinsu, don mutane ƙididdigaggu ake ɗauka a kowane zango kuma yakan ƙare, wanda ya zo bakin kanta da rana yana neman na ranar sau da yawa haƙuri ake bashi. Galibi Litinin a rufe ake, ranar Juma'a kuma ana tsayawa lokacin sallah, ku duba ranar da taku ta faɗa. Kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kar abin ya baka mamaki. Ku zaɓi zangon yamma, wajen biyar zuwa shida.

Kar ku iso tsakanin sha biyu da rabi zuwa biyu na rana. Wannan shine lokacin da ma'aikatan benayen ke saukowa cin abinci, dubban mutane da katin aiki rataye a wuya kowa na sauri, kujera ma sai ka tsaya kan mutum kana jira ya tashi, Hajiya bazata ji daɗi ba sam. Wajen ƙarfe uku ya fi. Akwai tashar jirgin ƙasa na cikin gari mai suna KLCC da take haɗe da shagunan ta ƙarƙashin ƙasa, ku matasa ita ce tafi sauƙi, amma saboda gwiwar Hajiya ku kira mota ta manhajar Grab ta ajiye ku a bakin ƙofa, kuna shiga ka tambayi keken guragu a teburin tambaya, kuma kar ta ji nauyin hawa don tafiyar cikin wurin tana da yawa. Ta riƙe mayafi mai kauri, sanyin na'ura a ciki ba wasa bane, ga ruwan sama da yakan sauko da yamma babu sallama.

Sallah kam kwantar da hankalinka. Duk inda ka ga an rubuta Surau toh wurin sallah ne, maza daban mata daban da wurin alwala. Lokutansu ne zaka lura dasu, azahar sai wajen ƙarfe ɗaya, la'asar wajen huɗu da rabi, magariba wajen bakwai ko bayanta. A ɓangaren mata zata tarar da dogayen hijabai na aro da suke kira telekung an ninke an jera, matansu kan ɗora a kan kayansu suyi sallah su mayar. Tawa mahaifiyar da hijabinta har ƙasa taje, wata dattijuwa ƴar ƙasar ta miƙo mata ɗaya, da ta ga bata buƙata sai tayi murmushi ta matsa mata wuri a sahu, bayan sallama suka riƙe hannun juna suna ta gaisawa, babu mai jin yaren wani. Mutanen Maleshiya Shafi'awa ne, in ka ji liman ya bayyana bisimillah a Fatiha kar ka tsaya mamaki. Akwai kuma babban masallacin As-Syakirin can gefen lambun, nan ake Juma'a, sai dai da ɗan tafiya, kai kaje Hajiya tayi tata a ciki.

Abinci. Anan ne nake so ka buɗe ido, don ba kowane gidan abinci dake ciki bane na halal, wasu suna sayar da giya. Ka nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, manne a wurin, shima tauraruwa ce mai tsini takwas cikin da'ira da kalmar halal da Larabci a tsakiya. In wuri ya rubuta babu naman alade kawai, wannan daban takardar halal daban, tunda Hajiya mai tsantseni ce ku tsaya kan tambarin. Zauren abinci na hawa na biyu da na huɗu sunfi arha kuma zaɓi yafi yawa. Wanda kowa zai ce ku ci shine nasi lemak, shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, a gefe da dafaffen ƙwai, soyayyar gyaɗa, ƴan ƙananan busassun kifi, kokwamba da wata jar miyar barkono da suke kira sambal. Ni ina sonta ƙwarai amma gaskiya sambal akwai zaƙi-zaƙi a ciki kuma manyanmu basu cika son sukari a miya ba, don haka ka fara ɗanɗana mata a cokali. In bata karɓeta ba ka sayo mata nasi ayam, shinkafa da kaza ce da ɗan romo, ko sate, wanda tsire ne sak a jikin tsinke illa maimakon ƙuli miyar gyaɗa ake tsomawa. Ku rufe da teh tarik, shayi da madara da ake ɗagawa daga kofi zuwa kofi har yayi kumfa, yadda mai shayin bakin layinku yake yi.

Hawan kansa bai kai awa guda da rabi ba kuma duk a lif ne. Za a binciki jaka a karɓi manyan a ajiye. Za a fara tsayawa daku a gadar da ta haɗa benayen biyu a hawa na 41, mita 170 daga ƙasa, gilashi dama da hagu, motoci a ƙasa kamar kwalin ashana, daga nan sai hawa na 86. Kunne yakan toshe a lif, kace ta riƙa haɗiye miyau. In kuma ta ce ita bazata hau ba kar ku matsa mata, ƙanwarka ta zauna da ita a ƙasa. Bayan magariba ku fita ta ƙofar lambu ku samu wuri a bakin tafki, ƙarfe takwas ake fara wasan ruwa da fitilu kuma kyauta ne, lokacin an kunna hasken benayen sunyi fari tas kamar azurfa. Hoton da kake so a nan zaka ɗauka. Masu yawo da waya suna tayin ɗaukar hoto zasu zo, in kana so kuyi ciniki kafin a ɗauka. Allah ya kaiku lafiya ya dawo daku lafiya.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina saro hijabai da dogayen riguna, naji ana ta zancen shagunan ƙarƙashin benen nan, zan samu sari a can?
Daga Maman yara, Kano.

AMSA: A'a ƴar uwa, kar ki kai jarinki can. Shagunan manyan kamfanoni ne masu sayar da ɗai-ɗai, kuɗin haya ma a cikin farashin yake. Yadi da hijabai ki nufi titin Tuanku Abdul Rahman da unguwar Masjid India, sarin riguna kuma kasuwar sari ta Kenanga. Suria ki bari sai kin gama sayayya kije ki huta, ki leƙa ki ga irin ɗinki da kalar da ake yayi, in kina da ɗan makaranta ki shiga kantin littattafai na Kinokuniya a hawa na huɗu. Allah ya bada kasuwa.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne, zamu je taro Kuala Lumpur. Wai da gaske ne gadar nan ba a kafe take jikin benayen ba? Kuma me zan fi maida hankali in gani?
Daga ƙaninki a Zariya.

AMSA: Da gaske ne ƙanena. Dogon bene in iska ta kaɗa yana ɗan rangaji, kuma kowanne nasa yake yi, da an ɗaure gadar tamau da tuni ta tsage, shi yasa aka yi bakinta yana zamewa ciki da waje a jikin kowane bene. Nauyinta na kan wasu dogayen ƙafafu biyu da suka taso daga hawa na 29 suka haɗu a tsakiyarta, in ka tsaya ƙasa zaka gansu kamar gwafa a kife. Tsawonta kusan mita 58 ne, hawa biyu gareta, kuma ba ado kawai bace, hanyar tsira ce in wani abu ya faru a ɗayan benen.

Tunda fanninka ne, ka lura ƙashin ginin kankare ne mai ƙarfin gaske ba ƙarfe ba kamar dogayen benayen Amurka, saboda shigo da ƙarfe tsada garesu alhali kankare sun iya aikinsa, kuma yafi danne rangaji. Sai dai nauyi, shi yasa harsashin ya zama abin faɗa. Filin da can wurin sukuwar dawaki ne, da aka auna ƙasar aka ga dutsen ƙarƙashi ba daidai yake ba sai da aka matsar da ginin gaba ɗaya kusan mita 60, aka kafa turaku 104 ƙarƙashin kowane bene, wasu zurfinsu ya wuce mita 100, aka zuba daɓen kankare a kansu awa 54 ba tsayawa. Bene ɗaya kamfanonin Japan aka ba, ɗayan na Koriya ta Kudu ƙarƙashin Samsung, suna ginawa suna tsere da juna.

Kar ka tsaya kan lissafi kaɗai, ka shiga falon ƙasa ka kalli daɓe da bango, zanen daga saƙar tabarmarsu da ta yadinsu na songket aka ɗauko shi. Kai da kake gari ɗaya da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, kafin ka tafi ka koma ka zauna ƙarƙashin bakan gizon nan na ciki, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suka ɗauki rufin, ka zana shi a littafinka, ka tafi da littafin ka ajiye zanen biyu gefe da gefe. In dare yayi kuma ka bi gadar ƙafa ta Saloma ka tsallaka Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa ce da har yanzu akwai gidajen katako kan turaku, ka samu benci wajen masu abincin bakin hanya ka zauna, daga nan zaka ga benayen biyu sun taso ta bayan rufin kwano da itatuwan ayaba. Ka tafi da fensir fiye da ɗaya.