Na saki igiya, abokina ya faɗo daga dutse: akwai diyya a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Agege. Ni da abokina da muka taso tare mun saba fita hawan dutse da igiya don motsa jiki. Wata Lahadi muka je wani dutse a yankin Abeokuta. Yana sama, ina ƙasa riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Wayata ta yi ƙara, na ga mai kawo mini kaya ne, sai na ɗauke hannun dama daga igiyar na amsa. A daidai nan ƙafarsa ta zame, igiyar ta zare ta cikin ƙarfen da ke riƙe ta, ya faɗo. Ya karye a cinya, haƙoransa biyu na gaba suka fita. Yanzu yana kwance a asibitin ƙashi na Igbobi. Yayansa ya ce sai na biya komai. Wasu kuma suna ce mini ƙaddara ce, kuma ai da ƙafarsa ya je, ya san hatsarin. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri da ba ka ɓoye zancen wayar ba, domin a kansa hukuncin ya rataya.

Ɗana, akwai lamuni a kanka, wato alhakin biya. Ba ka yi da gangan ba, saboda haka babu ƙisasi, kuma kaffarar azumin wata biyu ta kisan kuskure ce, ba ta shafe ka ba tunda yana raye. Amma haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa don an yi kuskure. Masu ce maka ƙaddara ce sun faɗi gaskiya a inda ba muhallinta ba. Kisan kuskure ma ƙaddara ce, amma Allah Ya wajabta diyya a kansa a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i.

Maganar cewa da ƙafarsa ya je ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Gaskiya ne ya yarda da hatsarin dutse. Da wani ɓangaren dutsen ne ya ɓalle da shi kana riƙe da igiya yadda ya kamata, ko ƙullin da ya ɗaura wa kansa ne ya warware, da ba a bin ka ko sisi, domin wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma bai taɓa yarda ka saki igiya ba. Kada kuma ka ce ai ƙafarsa ce ta zame. Zamewar nan dominta aka ɗaura igiyar tun farko, dominta aka tsayar da kai a ƙasa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya suna ɗora lamuni har a kan barin aiki: Shehu Halil ya kawo a Muhtasar cewa wanda ke da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, zai biya. Wannan fa mai wucewa ne kawai. Ina ga wanda aka damƙa masa igiyar a hannu?

Sai abin da za a biya. Haƙori yana da ƙayyadadden kaso: raƙuma 5 kowane ɗaya, kamar yadda ya zo a wasiƙar Annabi (SAW) ga Amru bin Hazm wadda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Biyu sun zama raƙuma 10, wato kashi ɗaya cikin goma na cikakkiyar diyya. Cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce, kenan dinari 100, kuma a lissafin giram 4.25 kowane dinari, zinare giram 425 ke nan. Na san kuɗi ne mai nauyi. A wurin Malik dangin mai laifi, waɗanda ke taya shi biyan diyyar kuskure, ba sa ɗaukar abin da bai kai sulusin diyya ba, saboda haka daga aljihunka zai fito, sai fa in an haɗa da na cinyar ya kai sulusi.

Karayar cinya ba ta da kaso sananne, kuma ba a yanke mata hukunci sai ta warke. In ta warke sumul, babu diyya. In ta bar ɗingishi ko gajartar ƙafa, masana su ƙiyasta tawayar a biya gwargwadonta. Kuɗin likita da magani kuwa, Ibn Arafa ya ga dacewar a ɗora su a kan wanda ya jawo raunin da ba shi da ƙayyadadden kaso, kuma da wannan nake ba da fatawa. Zalunci ne a bar mutum da kuɗin tiyata da na gashin ƙashi a ce masa ai ka warke.

Yayansa ba shi da ikon yafewa ko tsanantawa. Haƙƙin na mai raunin ne, tunda baligi ne mai hankali.

Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati da za ta tilasta wannan lissafi. In aka kai ga kotu, ƙarar sakaci za a shigar a ƙarƙashin dokar ƙasa, a yi ta zarya da lauyoyi, zumuncin shekaru ya lalace a hanya. Abin da nake ba ka shawara, ka je Igbobi da kanka ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, har da wayar, in bai sani ba. Ka fara biyan kuɗin asibiti tun yau. In ya samu sauƙi, ku zauna gaban limaminku ko a fadar Sarkin Hausawan Agege, a sanar da shi adadin haƙƙinsa filla-filla kafin a roƙe shi rangwame, kuma kada a taru a kansa har kunya ta sa ya ce ya yafe alhali ransa bai so ba. In ya rage, ko ya yarda a biya kaɗan-kaɗan, ko ya yafe duka, ya halatta, kuma yana da lada. Abin da kuka daidaita a kai a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.

Wallahu a'alam.