Ƙanena ya fito daga asibiti, sai ga fankon tiramol a aljihunsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ne, shekararsa 24. Ya kai shekara biyar yana shan tiramol da kodin har karatu ya gagare shi. Da kyar muka samu ya kwanta a asibiti wata biyu. Yanzu sati shida da sallamo shi, har ya fara yin kumari. Jiya na je gida ina tattara masa kayan wanki, sai na tsinci fankon katin tiramol a aljihun wandonsa. Ban gaya wa kowa ba. Hajiyarmu ta dage a yi masa aure ko ya natsu, Baba tun da ya dawo ko gaisuwarsa da kyar yake amsawa, kawunmu kuma ya ce in ya kuskura ya sake, gidan mari za a kai shi. Ni ce babba, ni na biya kuɗin asibitin, wallahi na gaji. Ya zan yi? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, ya kuma ba shi lafiya mai ɗorewa.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Idan har ya koma sha, yanzu ya fi zama cikin haɗari fiye da lokacin da yake sha kullum. Dalili kuwa, mai shan tiramol ko kodin jikinsa yana sabawa, sai ya riƙa ƙara yawa kafin ya ji abin da yake nema. Wata uku da rabin nan da ya yi ba ya sha sun goge wannan sabon. Shi kuma a ransa yana nan a inda ya tsaya: in da ƙwaya huɗu yake afawa, huɗun zai nema. Adadin da a da ba ya ko girgiza shi, yau zai iya tsayar masa da numfashi. Ga shi tiramol na sa farfaɗiya. Mu a asibiti ba ma wuce miligiram 400 a yini guda ga babba mai lafiyayyar hanta da ƙoda, alhali wadda ake sayarwa a bayan fage ƙwaya ɗaya miligiram 200 ce ko 225. Biyu kaɗai sun kai iyakar ko sun haura.

Saboda haka ke da wani mutum ɗaya mai kwana a gidan ku san alamomin. In an same shi yana barci mai nauyi, an jijjiga shi bai farka ba, numfashinsa ya yi ƙasa yana kakari, leɓensa ya sauya launi, ko ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, to ba barci ba ne. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti da shi nan take, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, domin akwai allurar naloxone da ke karya dafin irin waɗannan ƙwayoyi in an kai mutum da wuri. In jijjiga ce ta kama shi, ba a cusa masa cokali a baki, a dai kawar da abin da zai ji masa ciwo. Na sha ganin iyali sun ɓoye mana abin da yaro ya sha saboda kunya, mu kuma muna ta laluben zazzaɓin cizon sauro.

Yanzu fankon. Fanko ba shaida ba ne kai tsaye, wataƙila wandon tsoho ne da bai sa ba tun kafin a kwantar da shi. Amma kada ki yi shiru da fatan haka ne. Ki same shi ku biyu, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba gaban Hajiya ba, ba gaban ƙanne ba. Ki ajiye katin a gabansa ki ce, "Na ga wannan a wandonka. Ba faɗa na zo yi ba, tsoro nake ji. Me ya faru?" Sai ki ja bakinki ki yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Kada ki ce "ka ci amanata", kada ki lissafa masa kuɗin asibiti, ya san su sarai. Zai iya rantsuwa, zai iya fusata ya fice. In ya musanta, kada ku tsaya gardama, ki ce to mu je wajen likitanka a cikin satin nan, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. A can za a iya gwada fitsari. Ki tuna wa masu gwajin cewa tiramol ake nema, don gwajin gama-gari sau da yawa ba ya nuna ta, tana da nata na musamman.

In kuwa ya amsa, wannan babbar nasara ce, ki nuna masa haka. Tambayoyin da ke da amfani uku ne: yaushe, a ina, kuma da wa. Amsarsu ce ke nuna ramin da ya faɗa. Wani yaro da nake dubawa ya yi wata huɗu lafiya lau, ranar da ya koma majalisarsu ta bakin titi don kallon ƙwallo aka miƙo masa robar lemo da aka haɗa da kodin, ya ce min hannunsa ne ya karɓa kafin ya yi tunani. Haka abin yake. Ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaure ƙwayar da wuri, da fuskoki, da lokaci, har da wari. Asibiti na fitar da maganin daga jini cikin kwanaki, ciwon jiki da zawo da hamma da zufa duk su wuce cikin sati ɗaya zuwa biyu. Amma rashin barci, da ƙunci, da jin komai ya yi salam, waɗannan kan ɗauki watanni. Sati shida da dawowa gida tsakiyar wannan lokacin ne.

Shi ya sa ba na kallon komawa sau ɗaya a matsayin asarar kuɗinki. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan koma, kusan daidai da yadda ciwon masu hawan jini ko asma kan tashi bayan an shawo kansa. Mai hawan jinin da jininsa ya sake hawa ba a cewa magani ya ƙi, komawa ake yi a gyara. Abin da ke raba tuntuɓe da faɗuwa warwas shi ne saurin komawa wajen likita.

Maganar aure, ki yi haƙuri ki lallaɓa Hajiya, amsata a'a ce, a yanzu dai. Na san tunaninta: in ya ga nauyi a kansa zai shiga taitayinsa. Abin da muke gani a zahiri shi ne nauyin cefane da haya da dangin mata kan zama sabon dalilin sha. Akwai kuma abin da iyaye ba su cika sani ba, samari da yawa don harkar shimfiɗa suka fara shan tiramol, saboda tana jinkirta biyan buƙata, don haka ango da bai warke ba yana da ƙarin dalilin nemanta. Sannan ga 'yar mutane da za a kai ɗakin. Na ga matan da a hannun mazajensu suka koyi shan kodin. Shawarata a jira ya yi aƙalla shekara guda ba ya sha, yana da abin yi, kuma in lokacin ya zo a faɗa wa iyayen yarinyar gaskiya. Ki ce wa Hajiya ba hana auren aka yi ba, an sa masa sharaɗi ne, shi ma ya samu abin da zai hanga.

Gidan mari kuwa, ki tuna wa kawu abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawansu da sasari a ƙafa da tabon duka a baya. Wata guda bai cika ba aka sake samun irinsa a Daura. Mari na hana mutum kaiwa ga ƙwaya muddin yana ƙafarsa, ranar da aka kwance shi zai fito da ƙwaƙwalwar da ya shiga da ita, ga ƙarin ƙiyayyar waɗanda suka kai shi. Akwai ma haɗari a fili: in yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam, yanke su farat ɗaya ba tare da likita ba na iya jawo farfaɗiyar da za ta kashe shi. Tun Janairun 2023 Najeriya ke da sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a mutunta su. Ku da ke Zariya ba ku rasa wurin zuwa ba: ga sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, kuma hukumar NDLEA ba kame kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara. Addu'a da zama da malamin kirki ku riƙe su da kyau, ba sa karo da magani.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne Baba. Fushinsa yana kan hanya, an sha masa kunya a unguwa, wataƙila an ɗauke masa kaya ma. Amma yaron da ya gaida mahaifinsa aka kau da kai, ina zai nufa in ba wajen waɗanda za su tarbe shi da fara'a ba? Su kuwa kin san su. Wannan ba maganar da ke za ki yi wa Baba ba ce, ki samu amininsa ko limamin unguwa. Akwai hadisi a Bukhari da ya dace: an kawo wani da ya sha giya aka hukunta shi, wani ya ce Allah ya kunyata shi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An yi hukuncin, amma ba a yarda a yar da mutumin ba. Ba a ce Baba ya manta ba. A roƙe shi abu kaɗan: ya amsa gaisuwa, ya tashe shi su tafi sallar asuba tare, ko ya kira shi su ci tuwon dare a kwano ɗaya. Kuma ku rage jin kamar ku kaɗai abin ya sama. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya samu mutum miliyan 14.3 da suka yi shaye-shaye a shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol suke sha. A shekarar ce ma gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Kuɗi kuma, kada a damƙa masa tsaba a watannin nan. In aski ne a biya mai aski, in takalmi ne a je a saya tare. Jari ma ba yanzu ba. Gara a haɗa shi da ubangida mai sa ido, tela ko kafinta ko mai gyaran waya, inda zai fita da safe a san inda yake har la'asar. Ni dai ba na son a saya wa mai farfaɗowa babur ko Adaidaita, domin aikin doguwar wahala da kuɗi a aljihu kullum shi ne inda tiramol ta fi kasuwa. Ku lura da tsakanin la'asar da isha'i, nan ne zaman banza ke cizo, a cike shi da ƙwallo a wata unguwar, ko makarantar dare, ko aike. In zai yarda ya sauya layin waya, ya fi. Magungunan barci da na ciwon jiki da ke gidan a sa su a akwati a kulle. In ya ci bashi ko ya ɗauki kayan wani, kada ki biya a ɓoye don rufin asiri, ki bar shi ya fuskanci mai kayan, ke ki tsaya a gefensa. Ranar da ya yi abin kirki kuma, ko da shara ce, a faɗa masa an gani. Gidan da ba a kula mutum sai ya yi laifi, laifin yake koya masa.

Abu biyu ne ba a jira a kansu. In ya fara cewa gara ya mutu, ko shi kaya ne a kanku, a kai shi asibiti ranar, kada a bar shi shi kaɗai. In kuma ya ɗaga hannu a kan Hajiya ko ƙanne, lafiyarsu ce gaba.

Kin ce kin gaji, na yarda. Ke ce mai biya, ke ce mai gadi, yanzu kuma ke kaɗai ke riƙe da sirrin fankon nan. Ki raba kayan. Wani ya ɗauki raka shi asibiti, wani ya ɗauki zancen sana'a, kawu ma a ba shi aikin nemo ubangidan, tunda ya nuna abin ya dame shi. In kun je wajen likita a satin nan, ki nemi a ba ki minti goma ke kaɗai, ki faɗi yadda barcinki yake da yadda kike ji. Katin kuma kada ki yar, ki tafi da shi, likita zai so ya ga miligiram nawa aka rubuta a bayansa.