Amsa ga Alhaji kan zancen cike kwazazzabo (an rubuto daga murya)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhaji, na saurari saƙonka, inda ka ce a haɗa kuɗi a sayo tifa-tifar ƙasa a cike kwazazzabon nan na bayan unguwa kafin damina. Allah shi saka da alheri, niyya ta yi. Amma don Allah a dakata da sayen ƙasar tukuna, bari in faɗi dalili.

Kwazazzabo daga kai yake ci. Ku je ku tsaya inda kwatar layinmu ta ƙare, ku duba. Ruwa yana faɗowa daga bakin siminti, ya daki ƙasa, ya rarake ƙarƙashi, sai leɓen ya rufto. Haka yake ja da baya kowace damina, yana nufo gidaje. Ni da nike aikin gini na sa hannu ƙarƙashin kwatar nan, wallahi rami ne, iska kawai ke riƙe da ita. To in munka zuba ƙasa a cikin ramin alhali ruwan yana shigowa da ƙarfinsa, ruwan Agusta guda ya isa ya kwashe ta ya kai fadama. Kun san Birnin Kebbi bisa tudu take, ƙasarmu rairayi ce, duk abin da ya zubo gangara yake yi zuwa gulbi. Ga shi yanzu kowa ya yi rufin kwano ya daɓe tsakar gida da siminti, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da duk titi yake fitowa.

Masu zuba shara kuma da sunan suna taimakawa, a daina. Leda ba ta riƙe ƙasa, sai ma ta toshe hanya ruwa ya koma cin gefe.

Abin da nike gani, mu fara da kan. A gyara bakin kwatar, a yi mata matakala da dutse, ruwa ya riƙa sauka a hankali. Sannan cikin ramin a yi 'yan shingaye gajeru, nan da can, na dutse cikin ragar waya, ko buhunan ƙasa in kuɗi bai kai ba. Kada ya wuce gwiwa zuwa ƙugu. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa, kuma a tona a shigar da shi cikin bango, in ba haka ba ruwa zai kewaye shi. Shi shingen ne zai tare yashi, ramin ya riƙa cika da kansa.

Sai shuka. Ciyawar jema nike so mu nemo, wadda ake samu a fadama, don saiwarta na nutsawa ƙasa sosai. A jera ta layi-layi a gicciye da zarar ruwa ya zauna. Gamba ma ta yi. Dogon yaro da bagaruwa a ja su baya kaɗan daga leɓe, a kewaye da ƙaya, in ba haka ba awakin unguwa sun samu kalaci.

Wani ya ambaci gwamnati. E, akwai shirin ACReSAL, na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da anka amince da su a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta zaizaye yana ciki. A rubuta takarda ta hannun Baba Mai unguwa zuwa ga hakimi, a haɗa da hotuna. Wurin da ya yi zurfi kusa da makabarta dai ya fi ƙarfin gayya, injiniya yake so, kada kowa ya tura yara can. Kuma masu ɗibar yashi da dare, Baba, sai kun sa baki.

Asabar bayan sallar asuba mu haɗu bakin kwatar. Mai shebur ya zo da shi, mai baro ma haka. Alhaji, kuɗin tifar nan a juya su dutse da waya. Na gode, a yi haƙuri na ja dogo.