Tambayoyin Masu Karatu: Na Haddace Nahawun Ingilishi, Amma Bakina Ya Ƙi Buɗewa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar. Da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare, Ingilishi kuwa sai da na shiga sakandare na fara shi. Shekara biyu ke nan ina ba shi ƙarfi, domin ina fatan ci gaba da karatu a ƙasar da ake koyarwa da shi. Na haddace ƙa'idojin nahawu da jerin kalmomi masu yawa, ina kuma cin jarrabawa, amma da zarar an ce in yi magana sai komai ya ɓace mini. Kwanan baya wata baƙuwa 'yar Ingila ta yi tuntuɓe a gabana, na ce mata “sorry”, sai ta ce ai ba laifina ba ne. Ina kuskurena yake? Kuma Ingilishin wa ya kamata in bi, na Ingila ko na Amurka?

Daga wata ɗaliba, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ta faranta mini rai, domin kin zaɓi harshen da zai amfane ki a gida da waje, musamman tun da a shekarar 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Abin da nake gani a bayaninki shi ne kin tara ƙa'idojin Ingilishi a gefe guda, Hausar da kike tunani da ita tana wani gefen, ba ki taɓa zaunar da su wuri ɗaya kin ga inda suka yi daidai da inda suka rabu ba. Mafi yawan kurakuran Bahaushe a Ingilishi a wuraren rabuwar nan suke faruwa, kuma wuraren ba su da yawa, ana iya lissafa su.

Bari mu fara da lokutan aikatau, domin nan ne ɗalibai suka fi shan wahala. A Hausa aikatau ba ya sauya kamanni saboda lokaci, ɗan ƙaramin wakilin sunan da ke gabansa ne yake ɗaukar wannan nauyi: na tafi, ina tafiya, nakan tafi, zan tafi. A Ingilishi kuwa shi kansa aikatau ne yake rikiɗa, wani lokaci ma ya sauya gaba ɗaya, kamar yadda “go” yake komawa “went” da “gone”. Bayan haka, jimla ɗaya ta Hausa kamar “na ci abinci” Ingilishi ya raba ta gida biyu. Idan kin ambaci lokacin da abin ya faru, kamar jiya ko bara, sai ki ce “I ate”. Idan kuwa abin da ya dame ki shi ne sakamakon aikin a yanzu, wato kin ƙoshi, ba ki buƙatar a sake zubo miki, sai ki ce “I have eaten”. Shi ya sa “I have eaten yesterday” kuskure ne, ko da yake Faransancin da kika saba da shi ya yarda da irin wannan ginin jimla.

Wani tarkon kuma shi ne “ina”. Mun saba fassara “ina karatu” da “I am reading”, wannan daidai ne, amma sai ɗalibi ya ɗauki “ina da mota” ya mayar da ita “I am having a car”, alhali “I have a car” ake cewa. Aikatau masu nuna mallaka ko sani ko so ba kasafai suke karɓar wannan siga ba. Hausa ma tana da irin wannan ɗabi'a, domin muna cewa “na sani” da “na gane” muna nufin yanzu. Haka nan batun “a” da “the” da yake rikita mutane: ki tuna bambancin “wata mota ta wuce” da “motar ta wuce”. Wannan ƙaramar “r” ko “n” da muke liƙawa a ƙarshen suna idan an riga an san abin da ake magana a kai, ita ce mafi kusa da aikin “the”. Ba a kowane wuri suke dacewa ba, amma mafari ne mai kyau.

Game da kalmomi, ina ba ki shawara ki daina haddace su ɗaya-ɗaya a jere da fassararsu. Kalma tana tafiya ne da abokan zamanta. Dubi kalmarmu ta “ji”: muna jin magana, muna jin wari, muna jin zafi, muna jin Larabci. Ingilishi yana da kalma dabam ga kowanne, wato “hear”, “smell”, “feel” da “understand”. Muna shan ruwa, muna shan magani, amma su “drink” suke yi wa ruwa, magani kuwa “take”. Na taɓa ganin yaro a aji ya juya ga na kusa da shi, ya miƙa hannu ya ce “borrow me your pen”, domin a ransa “ara mini” yake nufi, bai san cewa mai bayarwa “lend” yake yi, mai karɓa ne yake “borrow” ba. Tun daga ranar na umarci ɗalibaina su riƙa rubuta kowace sabuwar kalma cikin cikakkiyar jimlar da suka tsince ta a ciki. Kada kuma girman ƙamus ya tsorata ki. Kalmomi dubu biyu zuwa uku mafiya yawan maimaituwa su ne suke ɗauke da mafi yawan zancen yau da kullum, kuma akwai jerin da ake kira Oxford 3000 wanda aka tsara domin masu koyo, ana samunsa a intanet. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, shi ma zai taimake ki matuƙa idan kin same shi.

Faransancinki jari ne babba. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, dubban kalmominsa suka shige cikin Ingilishi. Har yau dabbar da ke kiwo ana kiranta da tsohon sunan Ingilishi, “cow” ko “sheep”, naman da ke kan tebur kuwa da sunan da ya fito daga Faransanci, “beef” ko “mutton”. Sai dai ki yi hattara da kalmomin da kamanninsu ɗaya a Ingilishi da Faransanci amma ma'anarsu dabam. “Library” ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba, “actually” kuma tana nufin “a zahiri”, ba “a halin yanzu” ba.

Amma maganar nauyin baki, maganinsa motsa bakin. Haruffan Ingilishi 26 ne, sautukansa kuwa sun kai kimanin 44, saboda haka ido kaɗai ba zai koya miki furuci ba, sai kunne ya shigo. Ki zaɓi ɗan gajeren labari na minti ɗaya daga rediyo, ki saurare shi sau da yawa, ki riƙa maimaitawa da murya bayan mai karantawa, sannan ki naɗi muryarki a waya ki kwatanta. Don raba “p” da “f”, ki riƙe siririyar takarda a gaban leɓunanki: idan kin ce “pan” leɓuna biyu za su haɗu su fashe da iska har takardar ta yi tsalle, idan kin ce “fan” haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Ki lura kuma da al'adar harshenmu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta ba mu “burodi” da “sukuddireba”. A Hausa wannan ado ne, amma idan kina Ingilishi dole ki saba haɗa baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani. Minti ashirin kullum, tare da ƙawa ɗaya da kuka yi alkawarin ba za ku yi wa juna dariya ba, sun fi zaman awa uku sau ɗaya a mako.

Labarin baƙuwarki ya taɓa ni, domin zuciyarki “sannu” ta ce, kuma sannu kalma ce mai daraja wadda Ingilishi ba shi da takwararta guda ɗaya. A Ingila, “sorry” ita kaɗai a irin wannan hali takan nuna kamar ke kika jawo abin, don haka abin da suka saba faɗa shi ne “Are you all right?” Haka “well done” yabo ne bayan an gama aiki da kyau, ba ta maye gurbin “sannu da aiki”. Gaisuwarsu gajeriya ce, ba a bin gida da iyali da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Ladabinsu ya fi taruwa a wajen roƙo, inda “give me” take da kaushi a kunnensu, sai an ce “Could I have” an haɗa da “please”. Sunkuyar da kai gaban babba, wanda a wurinmu kunya ce da tarbiyya, a can ana iya ɗaukarsa rashin amincewa da kai, musamman a wajen ganawar neman gurbin karatu. Sanin wannan ba ya nufin ki zubar da tarbiyyarki, yana nufin ki san yadda za a fahimce ki.

Tambayarki ta ƙarshe ba ta da wuya. Duka biyun karɓaɓɓu ne, kuma masu su suna fahimtar juna. Bambancin ya fi fitowa a furuci, da wasu kalmomi kamar “flat” da “apartment”, da kuma rubutu kamar “colour” da “color”, wanda ƙamusun Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa a Amurka. Idan Nijeriya ko Gana ko Ingila kika nufa, ki bi tsarin Ingila, domin shi makarantunsu suke bi, sannan ki tsaya a kan guda ɗaya cikin rubutu ɗaya. Ki kula sosai da kwanan wata wajen cike takardu: 4/5 a Ingila 4 ga Mayu ne, a Amurka kuwa 5 ga Afrilu, don haka ki riƙa rubuta sunan watan da haruffa.