Rosarin yamma a Kakuri: amsa ga Maman Tagwaye

Maman Tagwaye, sannu da fama. Kin ce yaranki a Abuja sun ƙi zaman rosarin yamma, wato addu'ar carbi ta 'yan Katolika, kina tambaya ko ki tilasta musu ko ki ƙyale. Bari in gaya miki yadda na taso.

A Kakuri aka haife ni, cikin Kaduna, lokacin da masaƙu ke tashe. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, masaƙun Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai. Babanmu ma a masaƙa yake aiki, kamar kusan kowane magidanci a layinmu. Gidan haya muke, iyali takwas, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kowa da yarensa, amma da Hausa ake gaisuwa, da ita ake addu'a.

Da an gama cin tuwo, Mama sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ba mu kaɗai ba ne, yaran ɗakunan duka za su zo. Kowa da goman da zai ja, wato ƙwaya goma na carbin, kuma abin kunya ne a ce ka kai ajin katikis ba ka iya "A gaishe ki Maryamu" ba tare da tuntuɓe ba. In Baba yana aikin dare, da sunansa muke farawa, domin injin saƙa ba ya wasa da yatsun mutum. Wanda barci ya kwashe, ba a dukansa, ɗaukarsa ake yi a kai ɗaki. A watan Mayu da Oktoba kuwa siffar Uwa Maryamu gida-gida take zagawa, ranar da ta kwana a namu Mama har ƙosai take soyawa. Har yau ina tuna 1982, Baba ya ɗora ni a wuya a Dandalin Murtala don in hango Fafaroma John Paul na Biyu ranar da ya naɗa sababbin fada-fada, wato limaman coci.

Amma abin da ya riƙe mu ya fi tabarmar nan. Matan da ke jan waƙa da tulu ranar Lahadi, 'yan Zumuntar Mata, su ne ke adashe da Mama, su ne suka kwana da ita a asibiti ranar haihuwar autanmu. Da masaƙar da Baba ke aiki ta rufe, albashi ya tsaya cak. Wata biyu ana kawo mana masara mudu-mudu, ba mu san hannun wa ba. Sai da na girma na gane daga cikin waɗanda muke durƙusawa tare ne, alhali su ma mazansu na zaune a gida. Maƙwabciyarmu Musulma ma, in mun fara addu'a takan rage rediyonta, ta aiko naman layya, mu aika shinkafar Kirsimeti. Bayan rikicin 2000 suka koma ƙetaren kogi, rashinsu na damuna har yanzu.

To, ni dai ban ga amfanin bulala ba. Yaro a falo, ƙofa a kulle, uwa ta kashe talabijin da faɗa, dole ya ɗauki rosari horo ne. Ki fara da goma ɗaya kawai, su ne za su ja, su faɗi wanda suke so a roƙa wa. Sannan ki nemi gida biyu ko uku a cocinku masu yara sa'anninsu, ku riƙa zagayawa ko da sau ɗaya a mako, a ci abinci tare bayan an gama. In wani a cikinsu ba shi da lafiya, ki tafi dubiya da tagwayen, su riƙe kular abincin da hannunsu.

Wace unguwa kike? Ƙanwata na Kubwa a Abuja, suna yin nasu ran Laraba, zan iya haɗa ku.