Amsar tambayar da ka yi mini a zaure

Yaya, jiya bayan la'asar muna zaune a zauren marigayi Baffa a Rafindadi ka ciro waya, ka nuna mini hoton babban ɗana cikin rigar nan mai launi barkatai, ka ce, "Wato yanzu har wasan dodanni 'ya'yanku ke shiga a can?" Na yi shiru saboda akwai dattawa a wurin, kuma biki ya kawo ni Katsina. Amma maganar ta hana ni barci. Gobe da asuba zan kama hanyar Kano, shi ya sa na ga gara in rubuta maka tun kafin zuciyata ta huce in bar zancen.

Rigar da ka gani, ni na ɗinka ta da hannuna. Ka san sana'ata, shekara 26 ke nan ina kan keken ɗinki a Efiyakuma cikin Takoradi ta ƙasar Gana. Bikin kuwa Ankos muke ce masa, ana yin sa ranar 25 da 26 ga Disamba. Da Gwaggo ta ji sunan sai ta ɗauka anko ne, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba, don kowace ƙungiya yadi ɗaya take saya, ɗinki ɗaya take yi, daga tsoho har yaron goye. Sunan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ne ya bi bikin duka. Asalinsa daga Turawan da suka zauna fatauci a bakin teku ne, masu shigar ɓad-da-kama su yi rawa lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Mutanen Fanti suka karɓa suka mai da shi nasu, wannan ya yi shigar likita, wancan ta ɗan sanda, wani ya kwaikwayi Baturen kansa. A Winneba ranar 1 ga Janairu suke nasu, ƙungiyoyi ke gasa a fili. Mu a Takoradi titi ake bi, 'yan badujala na busa, masu tafiya a kan dogayen sanduna na ratsa jama'a, gari ya cika ya batse. Tun ina yaro nake kallon abin nan, ban taɓa ganin an yi yanka ba, ban taɓa ganin an kai rigar wani wurin boka ba. A ƙarƙashin abin rufe fuskar nan ɗan makwabcinmu ne, kowa ya san shi, da ya gaji zai cire ya sayi ruwan leda ya sha.

Da za ka shigo shagona a watan Nuwamba da ka ga abin da nake nufi. Ƙasa duk ƙyallaye, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, na yadi mai sheƙi wanda ke zillewa a ƙarƙashin allura idan hannu bai saba ba. Riga ɗaya sai ta ci ƙyalle fiye da ɗari, kowane a yanka shi daidai da ɗan'uwansa, a jera, a haɗa, sannan a bi wuya da hannu da geza. Taga ma rufe ta muke yi da zane, saboda ƙungiyar da ta ba ni aiki ba ta yarda wata ta ga zanenta kafin ranar fita. Yaran shago a nan suke kwana. Da kuɗin wannan aiki nake biyan makarantar yara a Janairu, da shi na yi wa Inna rufin ɗaki, kuma daga cikinsa ne na ciro gudummawar da na kawo ta auren 'yarka.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin ƙi a ciki. Ana shan giya, ana cakuɗuwa, dare ya yi wasu su manta da kansu. Malamanmu na zango suna wa'azi a kai duk shekara, akwai gidajen da ba sa barin yaro ko leƙawa, kuma ina girmama su. Ni dokar gidana ita ce yaro ya fita da rana tare da abokansa na makaranta, a kira magariba yana gida, ya tuɓe rigar ya yi alwala. 'Yan matan daga baranda suke kallo. Wannan iyakar ni na shata ta, na san kuma a gaban wa zan amsa tambaya a kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ka faɗi kalmar "'ya'yanku", kamar ba jikokin mutum ɗaya ba ne. Shekarar da aka kawo ni karatun allo wurin Baffa, wa ya manna mini auduga a haɓa da goma ga azumi? Kai ne, Yaya. Ka cusa mini tsumma a riga na yi tumbi, ka ba ni sanda, muka bi gida-gida muna tashe ana ba mu gero da sulalla. Ranar hawan salla kuma ka ɗora ni a wuya a Ƙofar Soro don in hango 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai cikin ja da kore. Na san tashe daban, Ankos daban, kowane da watansa da mutanensa. Amma daɗin da yaro ke ji idan ya sa wata shiga ya zama wani na yini ɗaya, a Katsina na fara ɗanɗana shi. Da na ga idon ɗana a kan rigunan da ke rataye a shago, wannan daren na tashe na tuna.

Na san inda zancen ya dosa, don ba yau aka fara ba: uwarku 'yar Fanti ce. E, 'yar Fanti ce. Ta musulunta kafin a ɗaura aure, ta koyi tuƙa tuwo wurin kakarmu, ta je Makka sau ɗaya, kuma yau a layinmu ba a wankan gawar mace sai an kira ta. Kakanmu goro ya kai shi ƙasar Tonawa, wato Asante, da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 ya gangara bakin teku ya zauna. Sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice a Nuwamban 1969, gidanmu ya rabu biyu. Baffa ya loda iyalinsa a babbar mota ya nufo gida, kai kana goye. Babanmu ya tsaya, dangin Inna suka ɓoye masa kekensa da kayansa a ƙauyensu har ƙura ta lafa. Kawunnaina Kiristoci ne har gobe. Ranar layya su ke fara zuwa cin nama, ranar Kirsimeti su aiko mana da kaza mai rai don sun san sai mun yanka da kanmu. Mutanen nan ne zan ce wa ɗana kada ya tsaya kusa da 'ya'yansu a titi? Babban limamin ƙasarmu, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a 2019 yana da shekara 100 ya taka har cikin wani coci a Akara ya zauna da su ranar Ista, ya fito limaminsa.

Sai maganar harshe. Na ji yaranka suna ƙyalƙyala dariya da autata ta ce "Mama ya zo". Haka ake faɗa a zango, mace da namiji duk "ya", kuma muna surkawa da Fanti da Turanci. Ni da na ci bulalar Baffa na gyara bakina, su ba su samu wannan ba. Amma ka sani, a ƙasar da muke 'yan tsiraru, mutumin Mosi da Bazabarme da Bakotokoli in sun haɗu a masallacin zango da Hausa suke gaisawa. Kokon safe da ƙosai, shinkafa da wake, tuwo mai zafi, duk Gana da sunayenmu take kiran su, har gidan minista. Sallolin nan biyu hutu ne na ƙasa tun zamanin Rawlings, kuma ranar idi sarkin zango kan fito bisa doki da rawani da algaita, matasa su yi anko unguwa-unguwa, 'yan Fanti su tsaya bakin titi suna kallonmu kamar yadda muke kallonsu a Disamba. A can ce mana ake 'yan arewa, baƙi. Mu zo nan a ce 'yan Gana, har jakar da muka zubo tsaraba a ciki sunan korar da aka yi wa 'yan Gana daga Najeriya a 1983 take ɗauke da shi. Jiya ma a kasuwa wani mai shadda ya tambaye ni ko a can muna azumi.

Yaron da ka gani a hoton ya sauke izu 20, shi ke kiran sallar asuba a masallacin layinmu in ladan ya yi tafiya. Ranar 6 ga Maris, bikin 'yancin kai, makarantarsu kan ce kowa ya zo da shigar kakanninsa. Bara na ɗinka masa babbar riga da 'yar ciki, sai dai hular da muka samu a Takoradi ta inji ce, ya dawo yana cewa ba irin ta hoton kakansa ba ce. Na zaga kasuwa jiya ban dace da awon kansa ba. Na bar wa Gwaggo zaren da na auna kan nasa da shi, da kuɗin. In ka samu mai ɗinkin hannu, ka ba direban da ke kai albasa Kumasi, daga can zan aika a karɓo.