Zane 11 a Yamai, babu ko takarda ɗaya

Wani matashi daga unguwar Zariya a nan Maradi ya aiko mini da tambaya. Yana zana namun daji da fenti, yana duba hoto a waya yana kwaikwaya: raƙumin dawa, barewa, jimina. Ɗan kawunsa ne ke kai su Yamai ya sayar. Cikin wata 8 ya tura zane 11, abin da ya dawo hannunsa jika 40 ne kacal, wato sefa dubu 40. Yanzu yana son ya ci bashin jika 300 ya buɗe shago, domin ya ji ana sayen zane ɗaya miliyan a Turai.

Ƙanena, ajiye zancen Turai da na shago tukuna. Na tambaye ka cikin 11 ɗin nawa aka sayar, nawa ke jingine a ɗakin ɗan kawun naka, ka ce ba ka sani ba. Nan ne ciwon. Ka ce kunya ta hana ka tambaya. Kunyar nan ita ta cinye maka wata 8.

Yi lissafi da bakinka: yadi da fenti da katako jika 5 a kowane zane. Jika 55 ke nan ka zuba, 40 ta dawo. Ban ma sa kwana biyar ɗin da kake yi a duƙe kan kowanne ba, ban sa kuɗin mota ba.

Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Na taɓa zama da wani baduku da surukinsa ke kai masa jakunkuna Kano. Shekara biyu babu rubutu. Ranar da aka zauna lissafi kowa ya rantse, kowa kuma ya gaskata abin da ke kansa. Kuɗin bai dawo ba, har yau gidajen biyu ba sa gaisawa.

Sayi littafi yau. Kowane zane ka ba shi lamba a bayansa, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba da ladan mai sayarwa. Ya sa hannu gaban kawu. Kada ka ƙara tura fiye da uku, kuma sai kuɗin ukun sun shigo.

Hotunan da kake kwaikwaya ma ka rubuta na wane ne. Hoton intanet yana da mai shi, kuma otal ko ofishin da zai biya da tsoka yana iya tambaya. Su ne masu sayenka, don gidaje da yawa a nan ba sa rataye hoton mai rai. Tun 2018 aka kawo raƙuman dawa daga yankin Kure zuwa gandun Gadabeji, cikin jiharmu, wajen Dakoro. Nemi mai hoton da ya je can, ka biya shi ya ba ka izini a rubuce.

Kafin Juma'a ka kira ɗan kawunka, ya jera abin da ya rage ya turo maka hotonsu ta WhatsApp. Ka aiko mini da adadin, sannan mu yi maganar bashi.